Daga Fatoma Zuwa Mai Gidan Haya: Tarihin Haya Tsakanin Kafanchan da Gwantu

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, muna zaune a dakalin ƙofar masallaci sai wani yaronmu mai kasuwancin hatsi tsakanin nan da Jos ya kawo shawara. Ya ce Allah ya hore masa 'yan kuɗi, an kuma yi masa tallar wani gida mai ɗaki shida kusa da bakin titi, yana so ya saya ya zuba 'yan haya. Kafin ya rufe baki majalisa ta rabu biyu. Wani dattijo ya ce, "Saya, ɗana. Gida ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ba ya mutuwa kamar saniya." Wani kuma ya girgiza kai ya ce, "Kai dai je ka nemi fuloti a Kano ko Zariya. Saniya in hankali ya tashi ana kora ta a gudu da ita. Gida fa?" Aka yi tsit, don kowa ya san inda maganar ta dosa.

Na koma gida ina ta juya zancen. Dattawan nan biyu kowanne da gaskiyarsa, kuma kowanne tarihi ne yake magana da bakinsa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu ga yadda harkar haya ta samo asali a wannan yanki namu, da irin hannun da Bahaushe ya saka a cikinta, ko yaronmu da ire-irensa sa samu abin riƙewa kafin su ƙirga kuɗi su miƙa.

Zamanin da ba a karɓar kuɗin ɗaki

Kakanninmu da suka fara ratsa wannan ƙasa ba su san wani abu wai shi kuɗin haya na wata-wata ba. Fatake ne da 'yan koli da mahauta da maƙera da malamai, wasu sun biyo hanyoyin fatauci zuwa Keffi da Lafiya da bakin Binuwai, wasu kuma sun raɓu da masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19 bayan jihadi, tana ƙarƙashin Zazzau. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai wani daga ciki ya zauna ya kafa gida, ya zama shi ne mai masauki, wato fatoma.

Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki. Shi zai sauki baƙo, matansa su dafa masa abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da mutanen gari, in an sayi kaya bashi shi ne mai tsayawa. Ba ya cewa baƙo biya ni kuɗin kwana. Abin da yake samu yana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa, da ɗan alherin da baƙo zai bari ranar tafiya. Ka ga ke nan arzikin fatoma yana rataye da arzikin baƙonsa. In baƙo ya yi ciniki mai kyau ya koma gida lafiya, baɗi zai dawo, ya kuma jawo wasu. In aka cuce shi sau ɗaya, labari zai riga fatoma isa Kano.

Wannan tsari ya bi Bahaushe duk inda ya je, tun daga Salaga ta ƙasar Gwanja a zamanin fataucin goro har zangon Kumasi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu gidaje na Sabo suke riƙe da cinikin shanu da goro. Abin da ya gano shi ne abin da kakanninmu suka sani tuntuni: yawan ɗakunan da mutum yake da su shi ne yawan baƙin da zai iya sauka, amma jarinsa na ainihi shi ne a yarda da shi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wannan zamani yana da ɗacinsa. Ƙabilun da muka tarar a nan suna tuna shi da hare-haren kamun bayi da karɓar gandu. Wanda zai mallaki gida a ƙasar nan ya kamata ya san cewa maƙwabcinsa yana ɗauke da nasa tarihin, kamar yadda shi ma yake ɗauke da nasa.

Jirgin ƙasa ya zo da ɗan haya

Abin da ya haifi haya irin ta yau a yankinmu shi ne layin dogo. Turawa sun fara shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal zuwa Inugu saboda kwal, aka gama wannan ɓangare a 1916. Daga nan aka miƙo da shi arewa ta Makurɗi, ya biyo ta Lafiya da Gudi da Jagindi ya iso Kafanchan, ya wuce ya haɗe da Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudu zuwa Jos don kwasar kuza. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye ba sai an yi fito ba. Nan da nan Kafanchan, ƙasar Fantsuwam, ta zama mahaɗar jiragen gabas da na arewa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin.

To, jirgi ya kawo wani irin baƙo da fatoma bai saba da shi ba. Direban jirgi, da mai zuba kwal, da akawu, da kafinta, da lebura, Ibo da Yarbawa da Tibi da sauransu. Wannan baƙo ba shi da kayan sayarwa balle a ci la'adarsa. Albashi yake ɗauka ƙarshen wata, kuma zama ya zo yi na shekaru. Kwatas ɗin reluwe ba ta isa kowa ba, sai sauran suka bazu cikin gari neman ɗaki. A nan aka fara yanka wa ɗaki kuɗi, sule kaza a wata. Haka abin ya kasance a sansanonin haƙar kuza irin su Godogodo, inda leburori da masu sayar musu da abinci suka taru. Irin wannan ne ya faru a Sabon Garin Kano, wanda aka kafa a 1913 don baƙin da jirgi ya kawo.

Hatta ginin gida ya sauya kama. Gidan Bahaushe na gargajiya zaure ne da shigifa da cikin gida, an tsara shi don tsare iyali daga idon baƙo. Gidan haya kuwa dogo ne, ɗakuna jere suna kallon juna, rufin kwano, madafa ɗaya da makewayi ɗaya a baya. Masu gida na Hausawa da yawa sun bi hanya ta tsakiya: suka fitar da ɗakuna biyu ko uku ta waje, ƙofarsu na kallon titi, suka ba da haya ko suka mai da su shaguna, iyali kuma suna ciki ba abin da ya haɗa su da ɗan haya sai gaisuwa. Har gobe in ka zaga tsofaffin unguwanninmu za ka ga wannan fasali.

Gwantu ba ta kan layin dogo. Abin da jirgi ya yi wa Kafanchan, titin mota ne ya yi mana shi daga baya, wato hanyar da ta taso daga Akwanga ta ratsa mu ta nufi Fadan Karshi da mararrabar Forest, inda mai zuwa Jos zai hau Hawan Kibo, mai zuwa Kafanchan kuma ya bi ta Gidan Waya. Direbobi da 'yan kamasho da masu sayen doya da hatsi ranar kasuwa su ne baƙinmu na farko, kuma akasarinsu a zaurukan iyayenmu suka kwana, bisa tsohon tsarin nan na masauki.

Ƙasar ta wa ce?

Gida a kan ƙasa yake tsaye, don haka duk mai son fahimtar haya sai ya fahimci dokar ƙasa. Tun a 1910 Turawa suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. A aikace dai sarakuna da hakimai da dagatai da En'e su ne ke raba fili. A ƙauyukan yankinmu kuwa gona ta dangi ce. Baƙo zai je wurin dagaci ko mai gona da goro da ɗan abin gaisuwa, a nuna masa wuri a ce gina ka zauna. Ba takarda, ba awo, shaida ita ce bishiyar ɗorawa ko wani dutse. A wurin mai bayarwa, sau da yawa aro ne ya bayar. A wurin mai karɓa, bayan ya yi shekara 40 ya binne iyayensa a wurin, kyauta ce ko saye. Rabin shari'un filaye da jikoki ke yi yau daga wannan rashin fayyacewa suka tsiro.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar filaye. A ƙarƙashinta duk wanda mahaifinsa ɗan wata ƙabilar Arewa ne, ɗan ƙasa ne a idon doka, ko Bakano ne da ke zaune a Jama'a. Mutumin Kudu kuwa sai da izinin hukuma zai riƙe fili. Sannan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ake aiki da ita har yau. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana don dukan 'yan Najeriya. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni, gwamna ne ke ba da takardar mallakarsa, wadda aka saba yi wa wa'adin shekara 99. Na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama ta gargajiya. Kuma sayar da fili ko jinginar da shi ba ya cika a idon doka sai da amincewar hukumar da ta ba da takardar. A Jihar Kaduna, tun 2015 aka kafa hukumar KADGIS ta ɗauki ragamar rajistar filaye da fitar da takardun mallaka.

Abin lura a nan, takardar ciniki da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu tana da amfani ƙwarai, don ita ce hujjar cewa kuɗi sun shiga hannu. Amma ita kaɗai ba ta kai takardar hukuma ƙarfi ba. Da yawanmu gidajen da muka gada ko wannan ta farkon ba su da ita.

Darasin 1966

Akwai wani babi da ya kamata kowane mai gida a unguwar nan ya sani. A 1966, da rikici ya ɓarke a Arewa, Ibo suka kwashe suka nufi gabas, kuma Kafanchan na cikin garuruwan da abin ya fi shafa, don su ne ƙashin bayan aikin reluwe da shagunan gari. Suka bar gidajen da suka gina da guminsu. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa Janairun 1970.

Da aka gama yaƙi suka fara dawowa, a garuruwan Arewa da dama sun tarar da gidajensu suna nan, aka mayar musu, wasu ma har da kuɗin hayar da maƙwabta ko hukuma suka tara musu. A Fatakwal kuwa labarin ya sha bamban: aka kira gidajen dukiyar da aka yi watsi da ita, da yawa ba su koma hannun masu su ba, kuma har yau ciwon bai warke ba. Ibo sun dawo Arewa da sauri sun sake zuba jari, kuma riƙon amanar da suka gani yana cikin dalilan.

Na kawo wannan ne don duniya juyi-juyi ce. Wanda ya riƙe wa wani mabuɗi jiya, gobe shi ne zai bar nasa mabuɗin a hannun wani.

Albashi, sakatariya da ɗalibai

A Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas a 1975. Kaya suka yi tsada, masu gidaje su ma suka ɗaga haya, har gwamnatin soja ta kai ga kafa dokokin ƙayyade kuɗin haya da kotunan sauraron ƙorafin 'yan haya a jihohi. Dokokin ba su yi tasiri sosai ba, saboda masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, kuma mai neman wurin kwana ba ya kai mai gida ƙara.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a shekarar sun watsa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da malaman gona zuwa garuruwa irin namu. Da Gwantu ta zama hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, sai ga ma'aikatan sakatariya da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da na kotu da masu yi wa ƙasa hidima, kowa na neman ɗaki ko ciki da falo. Ɗan hayan Gwantu na wannan zamani akasari ma'aikaci ne, kuma sau da yawa ɗan Numana ne ko Ninzo ko Mada ko Ayu, ko wani daga nesa da aka yi wa canjin wurin aiki. A can Kafanchan da Gidan Waya kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna suka zama manyan 'yan haya.

Amma a daidai lokacin da wannan ke tashi, reluwe na durƙushewa. Daga shekarun 1980 jirage suka yi ta raguwa, aka rage ma'aikata, 'yan fansho suka shiga jiran tsammani. Masu gidajen da suka dogara da albashin reluwe suka ga ɗakuna sun zama wayam. Darasin a fili yake: kuɗin haya daga aljihun ɗan haya suke fitowa, aljihunsa kuma yana da mafari. In mafarin ya ƙafe, ginin siminti ba zai haifi ko kwabo ba. Mun sake ganin haka duk lokacin da albashin ƙaramar hukuma ya makara, ko aka shiga dogon yajin aiki ɗalibai suka tafi gida, ko a 2023 da cuta ta cinye cittar Kudancin Kaduna, kasuwa ta yi sanyi, masu shaguna suka kasa biya.

Shekarun da gida ya yi araha

Yanzu mun zo kan abin da dattijo na biyu yake nufi. A Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. A 1999 aka sake yi a kan naɗin Sarkin Jama'a. A Nuwamban 2001 abin ya iso mu nan Gwantu, aka rasa rayuka da dukiya. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, Kafanchan da Zonkwa da kewaye suka ga tashin hankalin da ba a taɓa gani ba, kasuwar Kafanchan ta ƙone. A 2014 kuma hare-hare suka auka wa ƙauyukan Sanga, maƙwabtanmu suka binne mutanensu da yawa. Ba gidan da bai yi kuka ba, ta wannan ɓangare ko ta wancan.

Kowane rikici yana barin tabo a harkar gidaje. Mutane sukan tashi daga unguwar da suke tsiraru su koma inda nasu suka fi yawa, kamar yadda garin Kaduna ya rabu bayan rikicin 2000, Jos kuma bayan na 2001. Mai gudu yakan sayar da gida a wulaƙance, wani ma musaya yake yi da wanda ke gudowa daga ɗaya ɓangaren. A unguwar da aka tsere wa, ɗaki ba mai so; a wadda aka tsere zuwa, haya ta yi tashin gwauron zabo. Wasu sun yi arziki da sayen gidajen masu gudu. Amma irin wannan ciniki yakan dawo da ƙura, don bayan shekaru 'ya'yan mai gidan sukan taso su ce an saye na ubansu ne da wuƙa a wuya, ko ma ba shi kaɗai ke da gidan ba.

Ni kaina ina da abin tunawa. A 2001 mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani malamin firamare ɗan ƙasar nan a ɗakunanmu na waje. Shekararsa shida a gidan. Akwai lokacin da albashi ya tsaya wata huɗu, Baba bai taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, har hatsi ya aika wa matarsa. Ranar da muka kwashe mata da yara muka fita, a hannunsa Baba ya bar mabuɗi. Da muka dawo ko cokali bai ɓata ba. Ban ce kowa ya yi irin wannan dace ba, na san waɗanda suka dawo suka tarar da toka. Amma abin da ya tsare gidanmu a ranar, tun shekaru shida kafin nan aka fara gina shi.

A Maris 2016 wakilan al'ummomin ƙananan hukumomi biyar, wato Sanga da Jama'a da Kaura da Kachiya da Zangon Katab, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, da Hausawa da Fulani a ciki. Ba ta kashe wutar gaba ɗaya ba, don a ƙarshen shekarar ma an sha wuya a Godogodo da kewaye. Duk da haka ta nuna cewa kowa ya gane ba mai tashi ya bar wa wani ƙasar nan.

Abin da mai saye zai riƙe

To, me wannan tarihi yake gaya wa yaronmu? Na farko, ya binciki asalin gidan kafin ya binciki kwanonsa. Wa ya fara ba da filin, aro ne ko saye? In gidan gado ne, an raba? Kowane magaji ya yarda, har mata da waɗanda ke nesa? A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Wanda yake gari ya kuma san da cinikin, haƙƙinsa yakan faɗi bayan kamar shekara. Wanda ba ya nan kuwa nasa yana jiransa har ya dawo. Kada a yi cinikin biri a sama. A rubuta takarda a gaban mai unguwa da dagaci, a sa shaidu daga dangin mai sayarwa da maƙwabta na kowane ɓangare, a auna iyaka, sannan a bi sawun takardar hukuma har ta fito. In gida ya yi araha fiye da kima, a tambayi dalili.

Na biyu, ya yi lissafi da alƙalami. Mu ɗauka misali an sayi gidan naira miliyan 6, ɗaki shida, kowanne naira 60,000 a shekara. A baki, naira 360,000 ke nan. Amma da wuya shekara ta ƙare ba ɗaki ɗaya a rufe ko ɗan haya ɗaya da ya gaza, saura 300,000. Cire gyaran rufi da yasar rijiya da kwashe masai da fenti, a ce 60,000, saura 240,000. Kafin kuɗinsa su dawo sai ya yi shekara 25. Ribar gida ta fi zuwa ta wajen tashin darajarsa da tsare kuɗi daga faɗuwar naira. Saboda haka kada ya zuba jarin hatsinsa duka a ciki, kada kuma ya ci bashi da tunanin haya za ta biya.

Na uku, zama da 'yan haya. Littattafan da muka karanta a zaure, irin su Risala, sun shimfiɗa ƙa'ida tun da daɗewa: haya ba ta inganta sai an san kuɗin an kuma san wa'adin, mutuwar mazaunin gida ba ta warware ta kafin wa'adi ya cika, in gida ya rushe kuwa ta warware. Ke nan ba daidai ba ne a kori gwauruwa da marayu alhali da sauran watannin da mijin ya biya. A rubuta komai tun ranar farko: nawa ne, yaushe ne, wa zai biya kuɗin wuta, wa zai share tsakar gida da magudana, mutum nawa za su zauna, za a iya saka wani a ɗakin ko a'a. A ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi. A tambayi inda mutum ya taso da wanda zai tsaya masa, kamar yadda fatoma ba ya saukar wanda ba a san ayarinsa ba. In mai gida yana da sharaɗi a kan giya ko kiɗa ko baƙin dare, ya faɗa kafin a ba da mabuɗi. Shi ma kuma ya sauke nasa nauyin: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ɗan haya ya kawo kuka a kan rufi a gyara kafin damina ta yi nisa.

In zama ya ƙi, akwai hanya. Idan ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suka daɗe suna bi ita ce notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biya shekara-shekara, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a je kotu. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watsar da kaya waje, ko turo 'yan daba, duk laifi ne da zai iya mai da mai gaskiya mai biyan diyya. A gari irin namu kuwa haɗarin ya fi haka, don rigimar kuɗin ɗaki tsakanin Bahaushe da ɗan wata ƙabila tana iya canza suna kafin ta kai bakin kasuwa. A fara da mai unguwa, da shugaban wurin aikinsa, da limami ko fastonsa. Akasarin irin wannan magana a zaure take mutuwa.

Da na sake haɗuwa da yaron nan na gaya masa duk wannan. Ya ce, "To Baba, in saya ko in bari?" Na ce masa dattawan nan biyu duka ka ɗauki maganarsu. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, in Allah ya buɗa ka nemi ɗan fili a wani wuri, ba laifi. Amma nan aka haife ka, nan aka binne kakanka, kuma mutum ba ya zama shekara 100 a gari da jaka a rataye. Ka je ka ga magadan gidan ɗaya bayan ɗaya, ka gaida dagaci, ka nemi takarda. In komai ya fito fili, ka saya.

Ya ce zai fara da zuwa Akwanga, don an ce babbar 'yar mai gidan can take aure, kuma ba wanda ya tuntuɓe ta. Allah ya sa a dace, ya zaunar da garinmu lafiya.